Garwashin Gwaggo Hassana

Ranar da muka kai Yaya Hassana makwancinta, unguwarmu ta Zongo a Wagadugu ta cika ta batse. Mata sun zo gaisuwa daga unguwar Cissin, sun zo daga Kossodo, har da matan ƙabilar Mosi da ba su jin ko sannu da Hausa, kowacce da ɗan da Yaya ta yanke wa cibiya. Ku kuwa 'ya'yana, da ta yi wa wanka ta goya, gaisuwarku ta zo mini ta waya, gajeriya, irin wadda ake yi wa maƙwabcin da ba a shiri da shi. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, amma ban ce muku uffan ba, domin na san abin da kuka riƙe a zuci. Kun riƙe cewa gwaggonku ta kusa kashe 'yar'uwarku Balki da jaririnta da shawarar garwashi, kun kuma riƙe cewa ni na cece su. Na farkon rabin labari ne, na biyun kuwa ba haka aka yi ba. Ni kaɗai na ga abin da ya faru da idona, ita ce kuma ta ɗaure mini baki muddin tana numfashi. Yanzu ƙasa ta rufe mata ido, alkawari ya sauka daga wuyana, ni ma na wuce shekarun cewa sai gobe. Allah ya sa abin da zan rubuta ya zama gyara a tsakaninku da ita.

Sai na fara da yadda aka yi na zama mai duban ƙanƙara, tunda jikokina sun taso sun iske ana ce mini Alhaji Meteyo, har wasu na zaton sunan yanka ne. Ni direba ne. Na baro Dogondutsi ina saurayi, na yi yaron mota, na ja kamiyo, wato babbar motar kaya, daga baya Allah ya haɗa ni da aikin tuƙi a ofishin masu duba yanayi, wanda kowa a Wagadugu ke kira meteyo. Aikina in kwashi ma'aikata in kai su ƙauyuka su duba ma'aunin ruwan sama, in dawo da su. Hanya doguwa ce, ni ko bakina ba ya gajiya da tambaya, su ma suna son mai saurare. A haka suka koya mini karatun taswirarsu, inda layuka suka matsu iska ce mai ƙarfi, inda suka yi zobe hadari ne ke haɗuwa, ga kuma yadda ake bin sawunsa a gane inda ya dosa. Ban zama gwani ba, kada wani ya ƙara mini gishiri bayan raina. Amma in an shimfiɗa taswira ba na tsayawa ina zare ido.

Da na ajiye aiki sai abin ya zama ba shi da amfani a wurina, har ranar da Isuhu, mijin Balki, ya sami tuƙin babbar mota a Kanada, ya kuma aiko ta bi shi. Suka zauna a wani ƙaramin gari a yankin Kebek, gidaje warwatse, daji ta ko'ina. Uba ba ya iya yi wa ɗiyarsa komai daga nan, to ni sai na kama abin da na iya. Kowace safiya in buɗe taswirar garinsu a waya, in zauna a rumfar Alhaji Ɗanladi, mutumin Kano mai shagon atamfa a ƙofar gidanmu, in sanar wa majalisa abin da sama za ta yi a Kebek. Gumi na tsiyaya daga hulata ina cewa jibi dusar ƙanƙara za ta kai gwiwa. Ɗanladi ya ce a duk duniya bai ga ƙarfin hali irin nawa ba, mutumin da bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai a kofin zoɓo. Ana dariya, amma a hankali masu 'ya'ya a Italiya da Amurka suka riƙa raɓowa bayan an watse, suna rage murya, suna cewa in duba musu garin nasu yaron.

Abin da na gane shi ne, samansu a juye take da tamu. Mu gabas muke kallo in muna jiran hadari, su nasu daga yamma yake taso musu. Mu in rana ta fito fes mun san zafi ne, su ranar da sama ta wanke tas, rana na ƙyalli, ranar ce sanyi ke cizo har ya ƙone fata. Dusar kanta ba ita ce abin tsoro ba, sun saba da ita, suna da motocin kwashe ta. Abin tsoro shi ne ruwan da ke sauka yana ruwa, yana taɓa abu ya daskare. Shi ke lulluɓe wayoyin lantarki da rassan itace har nauyi ya tsinka su. In kuma iskar arewa ta biyo bayansa alhali babu wuta, gidan da ke ɗumi da lantarki sai ya koma kamar cikin randa. Duk wannan na sani, ina kuma alfahari da saninsa.

Yaya Hassana ba ta taɓa shiga wannan harka tawa ba. Ita ce babbarmu, ni ne auta, har na yi furfura ba ta daina kirana Sani gatsau ba. Lokacin da mahaifiyarku ta rasu, Balki ko yaye ba a yi mata ba, Yaya ta tattaro kayanta daga gida ta zo ta riƙe ku, ba ta sake komawa ba. Ungozoma ce, ta gada daga kakarmu, kuma a wurinta duk wata cuta ta mace daga sanyi take. Ciwon baya sanyi ne, kumburin ƙafa sanyi ne, in mace ta cika faɗa da mijinta ma sai ta ce ba ta gasu ba a jegonta. Maijego a hannunta ba ta taka tsakar gida da ƙafa ba takalmi, ba ta shan ruwan randa, ba ta leƙa ƙofar gida sai ta yi arba'in. Mata na kuka da zafin ruwanta, amma in ciki ya tsufa ita suke aiko wa. Balki kuwa ba ta san wata uwa ba sai ita. Ni in na ce a yi abu sai Balki ta tambaye ni dalili, in Yaya ta ce, an gama.

Da cikin Balki na fari ya tsufa, muka nema wa Yaya takardar tafiya, ba a ba ta ba. Ta yi kwanaki ba ta cin abincin kirki. A ce ta gasa 'ya'yan mutane a unguwa, tata ɗiyar ta haihu a tsakiyar ƙanƙara babu mai ɗora mata ruwa. Sai ta haɗa ƙunshi ta ba wani ɗan unguwa mai tafiya can, kanwa, yaji, turaren wuta, da ɗan kaskon ƙasa na turare. Da aka haifi Yakuba sai ta koma yin jego ta waya. Kowace rana bayan azahar ɗinmu, lokacin su gari ya waye, za a jingina waya da kwanon sha, Yaya ta kawo fuskarta dab da gilashi saboda idonta ya yi rauni, ta ce a nuna mata tururin ruwan wanka, a nuna mata kaurin kunun kanwa, a nuna mata cibiyar yaro. Isuhu na dariya yana cewa ko likitar da ta karɓi haihuwar ba ta kai Gwaggo bincike ba. An yi suna lafiya, ya gasa nama a bayan gida cikin sanyin nan don kada a ce ɗansa bai sami abin da 'ya'yan Zongo ke samu ba. Ragowar gawayin ya ajiye a bayan ƙofa.

Ana cikin mako na uku da haihuwar aka ba Isuhu lodi mai nisa. Ya tambaye ni, na duba, na ga hadari na haɗuwa can yamma, amma alamu sun nuna zai bi ta kudu ya bar su. Masu duba yanayi na can ma haka suka ce. Ya tafi da niyyar ya juyo da wuri. Bayan ya yi nisa sai hadarin ya karkato. Da na buɗe taswira da safe na ga launin da ba na son gani ya kwanta daidai kan garinsu, ruwa mai daskarewa a gaba, dusa a tsakiya, iskar arewa a baya. Ranar ban je rumfar Ɗanladi ba. Na kira Isuhu, ya ce ya gani, ya juyo, amma ana maganar rufe hanya. Na ce to Balki ta kwashi yaro tun sama ba ta ɓaci ba ta koma gidan tsohuwar da ke tsallaken titi. Wata Baturiya ce mai kirki, ita kaɗai da karenta, tana da murhun itace mai bututun hayaƙi, ta kuma sha ce musu in wuta ta ɗauke su taho.

Yaya na jin haka ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta.

"Mi kac ce, Sani? Maijegon da ba ta yi arba'in ba ta hita cikin ƙanƙara, ta tahi gidan da kare ke kwana bisa gado? Da raina?"

Na yi mata bayanin wayoyin lantarki, na nuna mata taswira, ta ture hannuna. Ta ce ta ji, wuta za ta ɗauke, to mu da muka girma a Dogondutsi da wace wutar muka yi sanyi? Aka kira Balki, kowa ya faɗi nasa. Na san inda za ta faɗa tun kafin ta buɗe baki. Ta ce in yi haƙuri, ita ma ba ta son fita da jariri, ga barguna, ga abinci, wataƙila ma wutar ba za ta ɗauke ba. Sai Yaya ta tambaye ta ko akwai sauran gawayin suna. Ta ce akwai. Yaya ta ce to shi ke nan, in sanyi ya matsa ta hura shi a kasko da tukunyar ƙarfe, ta shige ɗaki guda ita da yaro, ta ja ƙofa, ta toshe ƙasanta da zane. Ina zaune a wurin. Ku sani ban ga aibin maganar ba, hankalina ma ya ɗan kwanta da ita. Haka uwarmu ta yi mana, haka kowane gida a Zongo ke yi in sanyi ya tsananta, ba mu taɓa jin an ce garwashi ya yi wa wani komai ba sai ɗumi.

Hadarin ya zo yadda aka faɗa. Aka tsare Isuhu a wani wurin ajiye manyan motoci, tafiyar yini tsakaninsa da gida. Wuta ta ɗauke a garin gaba ɗaya. Balki ta aiko saƙo cewa za ta kashe waya don ta adana caji, sai da safe. Washegari na duba na ga dusar ta wuce, sama ta wanke, iskar arewa ta sauka da sanyin da ko su 'yan ƙasar ana gargaɗinsu kada su bar fata a buɗe. Muka yi azahar, Yaya ta jingina waya da kwanon sha kamar kullum, muka zauna a ɗakinta muna jira.

Da kiran ya shigo, Balki na kwance a ƙasa cikin bargo, tana murmushi. Ta ce sanyi ya kai inda ba ta jin yatsunta, shi ne da asuba ta hura gawayin, yanzu ɗaki ya yi daɗi. Maganarta na fita a hankali, tana jan kowace kalma. Ni na ɗauka barci ne bai sake ta ba, har na fara yi mata bayanin iska. Yaya ta ɗaga mini hannu. Ta tambaye ta yaushe yaro ya sha nono. Balki ta yi tunani, ta ce tun kafin ta hura wuta, yau barci yake yi kamar me.

"Ke kuma mi kike ji?"

"Ça va, Gwaggo, ba komai. Kaina ne kawai ke sarawa. Na yi amai sau ɗaya, amma ça va."

Yaya ta ce ta matse tafin ƙafar yaron. Muka ga hannun Balki ya matsa, ƙafar ta ɗan motsa, ba kuka. Ta ce ta ƙara matsawa. Ba kuka. Sai Yaya ta ce ta ɗaga wayar ta nuna mata saman ɗakin. Ban gane abin da take nema ba. Muka ga farin rufi a shafe, ya haɗe da bango ko allura ba za ta shiga ba. Ni da na rayu a ƙarƙashin kwano, ban taɓa lura cewa tsakanin bangonmu da rufi akwai tazarar da hannu ke shiga ba, ga tagogin katako da ba su taɓa rufuwa daidai ba. Ɗakunanmu suna numfashi ko mun so ko mun ƙi. Daga baya Yaya ta gaya mini abin da ya faɗo mata a lokacin. Da daɗewa an taɓa kiranta wani sabon gidan siminti mai tagogin gilashi a unguwar Zogona, ta iske maijego a sume kusa da kasko, sai da aka fitar da ita waje ta farfaɗo. Sau ɗaya ta ga haka a duk rayuwarta, ta manta, sai ranar.

"Ina iska ke hita a ɗakin nan?"

"Babu, Gwaggo. Nan ba a barin kafa. Na toshe ƙasan ƙofar ma, yadda kika ce."

Nan na fahimta. Na ƙwace wayar ina ce mata ta buɗe taga. Ta rarrafa ta gwada, ƙanƙara ta like ta daga waje. Na ce ta ɗauki yaro ta fita yanzu-yanzu. Ta dube ni da idanu rabi a rufe, ta ce, Baba, Gwaggo ta ce kar in fita, bari in ɗan kwanta kaina ya sauka. Ta mayar da kai kan bargo. Na kira sunanta, na yi faɗa, na yi magiya, ko gezau. Na ruga waje ba takalmi na ce wa Ɗanladi ya kira Isuhu a wayarsa, ya ce a nemo tsohuwar nan da masu agaji, hayaƙin gawayi ya kama Balki. Da na dawo na iske Yaya ta ɗauki wayar da hannu biyu. Ba ta dube ni ba ta yi tambayar.

"Sani, sanyin wajen nan da kake hwaɗi, shina kisa?"

Na ce yana kisa in an daɗe a cikinsa, yana kuma cin yatsu kafin a daɗe.

"Gidan matar da nisa?"

Na ce kamar daga ƙofarmu zuwa masallacin unguwa, amma dusa ta kai gwiwa.

Na dube ta. Matar da ta yi shekaru tana hana masu jego taka tsakar gida, wadda jiya-jiya ta ce da ranta ba za a yi ba. Sai ta gyara zama, ta fito da muryar da take tashinku da ita sallar asuba kuna yara, muryar da ba a yi mata gardama.

"Balkisu. Tashi zaune. Ni ce Gwaggo. Maganar jiya na janye ta. Ɗauki yaron ki hita."

Balki ta buɗe ido. Ta ce, arba'in fa, Gwaggo?

"Ni na sa arba'in, ni na ɗauke. Tashi."

Ta tashi. Wallahi ina kallo, ɗiyar da na yi ta yi wa ihu ba ta motsa ba, ta dafa bango ta miƙe. Yaya ta bi da ita gaba ɗaya kamar mai koya wa yaro tafiya. Ta ce kada ta goya shi a baya, ta sa shi a ƙirji cikin riga, fata da fata, ta ɗaure da zane, ta rufa bargo a kai. Ta ce ta jefa wayar a aljihun gaba ta bar ta a kunne. A bakin ƙofa Balki ta sunkuya za ta sa manyan takalman sanyi, jiri ya kwashe ta ta faɗi zaune. Muka ji tana cewa bari ta huta. Yaya ta ce ta bar takalman, ta zura abin da ƙafarta ta samu. Silifas ta samu, da safa a ƙafarta. Na buɗe baki zan yi magana, na san abin da sanyin nan zai yi wa ƙafa a silifas, sai na ga in ta sake sunkuyawa ba za ta tashi ba, na rufe bakina.

Daga nan ba mu ƙara ganin komai ba sai duhun aljihu. Muna jin kukan iska, da numfashinta, da ƙarar dusa a ƙarƙashin ƙafa. Yaya ba ta yi shiru ba ko sau ɗaya, ba ta kuma yi lallashi ba. Faɗa take yi mata. Ɗaga ƙafa, Balkisu. Wa ya ce ki tsaya? Raguwa kawai, haka na rene ki? Hawaye na zuba a fuskarta har suna ɗiga kan gilashin, amma muryar ba ta karye ba. Muka ji ta faɗi, Yaya ta tashe ta. Ta sake faɗuwa, ta sake tashinta. Can sai muka ji wani ɗan siririn sauti daga cikin rigar, kamar na ɗan kyanwa, sannan ya buɗe ya zama kuka sosai. Yaya ta ce, yawwa, ka yi ta yi, ɗan albarka. Ana haka wayar Balki ta mutu, sanyi ya shanye cajin.

Ba zan iya kwatanta muku zaman da muka yi ba. Yaya na riƙe da waya tana ci gaba da cewa ɗaga ƙafa, har na zare ta daga hannunta. Aka kira la'asar, na yi sallar ban san abin da na karanta ba. Sai dab da magariba Isuhu ya kira. Ya sami tsohuwar a waya, ta fito da karenta, karen ne ya gano Balki a zaune cikin dusa kusa da matakalar gidan, ta ƙanƙame ƙirjinta. Tsohuwar ta ja su ciki, masu agaji suka iso daga baya a bayan motar kwashe dusa. Yaro lafiya lau. Balki ta kwana biyu a asibiti, aka yanke mata yatsu biyu na ƙafar hagu. Likita ya ce da ta ƙara ɗan lokaci a ɗakin nan, da ba a fitar da kowa da rai ba.

Sauran kun san shi, ko kuna zaton kun sani. Hayaƙin ya shafe wa Balki duk abin da ya faru tun daga hura wutar har farkawarta a asibiti. Abin da take tunawa shi ne Gwaggo ta hana ta zuwa gidan tsohuwa, Gwaggo ta ce ta hura gawayi ta toshe ƙofa. Isuhu kuma saƙona ya samu ta bakin Ɗanladi, sai ya ɗauka ni na gane, ni na fitar da ita. Ya kira ya yi mini godiya yana kuka, sannan ya ce a ba shi Gwaggo. Maganganun da ya faɗa mata ba zan maimaita su ba, ya kuma rufe da cewa kada ta sake sa baki a gidansa. Ban riƙe shi a zuci ba, ku ma kada ku riƙe shi. Akwai na'ura a rufin gidan da ke ihu in iska ta ɓaci, shi da hannunsa ya cire mata batir tun ranar da turaren wuta ya fara tayar da ita. Mutumin da wannan ke cin ransa dole ya nemi inda zai sauke. Yaya ta saurare shi har ya gama, ta ce ya yi gaskiya, Allah ya ba maijego lafiya.

Daga ranar ba ta ƙara karɓar haihuwa ba. In an aiko sai ta ce ido ya tafi, a je asibiti. In Balki ta kira, gaisuwa ce a taƙaice, sai Yaya ta miƙo mini waya ta koma bayan ƙofa ta zauna inda ba a ganinta, tana sauraren muryar Yakuba. A nan ta ji ya fara gwaranci, a nan ta ji ya fara cewa Baba. Ku kuma sauran kuka bi sahun 'yar'uwarku, kuka rage zuwa ɗakinta, masu aure a cikinku suka daina kawo mata jarirai. Ni ana ta yabona a unguwa, wai ilimin Alhaji Meteyo ya ceci rai daga nan har Kanada. Duk wanda ya faɗa sai in ji kamar ya ɗora mini dutse.

Ban yi shiru don son yabo ba. Tun a makon farko na shiga ɗakinta na ce yau zan kira Isuhu da Balki in gaya musu komai. Tana tsince wake a faranti, ba ta ɗago ba. Ta ce in zauna. Na ce ba adalci ba ne, ɗiyar da ta rena ta riƙa kallonta a matsayin wadda ta kusa kashe ta, alhali ita ta fitar da ita. Ta ce ai duka biyun gaskiya ne, ita ta shigar da ita, ita ta fitar da ita. Na ce to su san duka biyun. Sai ta ture farantin gefe.

"Sani, kai ka ga yadda ta tashi da na ce ta tashi?"

Na ce na gani.

"Haka ta hura wutar da na ce ta hura. Yarinyar nan ko rijiya na nuna mata za ta shiga. Ni kuwa ban san ƙasar nan tasu ba, ban san ɗakunansu ba, ban san mi ke kisa can ba, kuma bakina ba ya iya shiru, ka san ni. In ka hwaɗa musu, za ta ce ashe Gwaggo ce ta cece ni, ta dawo tana tambayata komi. Wata rana in sake ce mata wani abu, waya kuma ba ta shiga ba."

Na ce to ita fa, haka za ta zauna ɗiyarta na gudunta?

Ta jawo farantin ta ci gaba da tsintar wakenta.

"Ta guje ni tana da rai, Sani. Na yarda."